Gwaggo, Jirgin da Ba a Waiwaye a Cikinsa

Ya sani, ko bai sani ba? Da wannan tambaya nake kwana, da ita nake tashi, tun ranar da aka kai maigidana makwancinsa a wannan ƙasa mai jar laka. Ranar da kwale-kwalen 'yan kasuwa ya kife a gulbinmu, shi yana jan jirgin ceto ya ba wa inda muka nufa baya, ni ina zaune a gabansa riƙe da sandar juya jirgin, ɗanmu na fari kuma yana cikin waɗanda ruwa ke tafiya da su. Ni na gan shi. Ko uban ya karanta a fuskata? Mun daɗe tare bayan wannan rana, har gashinmu ya yi fari, ban tambaye shi ba, shi ma bai taɓa ɗaga maganar ba. Kullum sai in ce gobe, har goben ta ƙare.

Ni ban yi boko ba, allo ma iyakata abin salla. Autata ce ke rubutawa, a teburin kicin ɗinta a nan Glenwood, wata unguwa ta birnin Greensboro a ƙasar Turawa, kafin lokacin aikinta na asibiti ya yi. Ta taga ina ganin 'yan makaranta suna wucewa a kan kekuna da jakunkuna a baya. Ta ce in share hawaye tukuna sannan in yi magana. Na ce mata ta rubuta haka nan, in ta jira hawayena su ƙafe ba za ta je aiki ba bana. Ba na jin kunyar kukan. Mutumin kirki ne, kuma na rasa shi. Amma ba don kuka kaɗai na zaunar da ita ba. Ina so jikokina, waɗanda in na yi musu Hausa suke amsa mini da Turanci, su san cewa kakanninsu sun yi wa wani tsohon jirgi hidima, shi ma ya yi wa garinmu.

Tun kafin a haifi maigidana, wani ƙaton bato, wato jirgin ruwa na Nasara mai hayaƙi, ya hau kan yashi a gaban garinmu, a shekarar da ruwa ya janye da wuri. Suka yi ta ja bai motsa ba, suka kwashe kayansu suka bar shi. Maƙera suka ci ƙarfensa kaɗan-kaɗan, har na zo garin akwai fartanyar da ake cewa daga jikinsa ta fito. Abin da ya tsira shi ne ƙaramin jirgin da ke rataye a gefensa: fari, mai faɗin ciki, gaba da baya duk tsini, an jera katakonsa ɗaya a bakin ɗaya kamar ɓawon kifi. Igiya ta zagaye shi a lanƙwashe domin wanda ke cikin ruwa ya sami abin kamawa. Ƙarƙashin kujerunsa akwai gwangwanaye na tagulla, a liƙe ruf. Masuntan garinmu, waɗanda ba wanda ya fi su sanin gulbi, suka shiga suka durƙusa suna fuskantar gaba yadda suka saba, da gajerun filafilansu. Gefen ya yi musu tsawo, cikin ya yi musu faɗi, jirgin ya yi ta juyi a wuri ɗaya kamar ƙwarya a randa. Suka fito suna dariya. Sai suka fasa gwangwani ɗaya, a zatonsu Nasara sun ɓoye dukiya ko kifin gwangwani. Ba su sami komai ba sai iska. Suka ce ko a gudu ma Nasara sai da ya yi musu wayo. Aka ja jirgin gindin tsamiya, ya zama gidan awaki.

Haka surukina ya tarar da shi. Shi ya yi shekaru yana aikin jiragen ruwa har bakin teku, shi ya sa ake ce masa Matalo, wato ma'aikacin jirgin ruwa. An ce da ya ga gwangwanin nan a fashe sai ya dafe kai, ya ce, "Kun sami dukiyar ai, kuka sake ta. Iskar nan ita ke hana shi nutsewa ko ya cika da ruwa." Ya kai wa maƙeri ya liƙe. Ya sassaƙa dogayen filafilai, kowanne ya fi mutum tsawo, ya ɗora su a cikin ƙarafa masu baki biyu da ke gefen jirgin. Sannan ya zauna ya juya wa gulbi baya, ya fara ja. Gari ya fito kallo. Aka ce Matalo ya dawo da ciwon teku, zai je gabas yana kallon yamma. Yara suka mai da abin wasa, suna tafiya da baya a cikin kasuwa suna faɗawa tallan mutane. Dariyar ba ta tsaya ba sai da hadarin farkon wata damina ya kama wasu makiyaya a tsakiyar ruwa. Igiyar ruwa ta yi tsayin da ba kwale-kwalen da ya isa ya fita. Matalo ya fita da samari, ya dawo da mutanen, jirgin cike da ruwa har gwiwa amma yana bisa. Wata tsohuwa a bakin gaɓa ta ce, "Wannan ai gwaggo ce. Ba ta haifa ba, kowa ɗanta ne." Sunan ya bi shi. Jirgi ne, amma tun daga ranar "ita" muke ce mata.

Matalo ya kafa mata dokoki, kuma ba wanda ya taɓa rubuta su. Ba a kamun kifi da Gwaggo, ba a fito da ita, ba a karɓar ko goro daga wanda ta ɗauko. Wanda ba ya riƙe da komai shi ake fara zuwa wa, mai riƙe da wani abu ya jira, ko ɗan sarki ne. Masu ja ba sa waiwaye, domin in ɗaya ya juya wuya filafilai sun sarƙe, jirgi ya ba wa igiyar ruwa gefe. Mai zama a wutsiya, wato can baya inda sandar juyawa take, shi kaɗai ke ganin gaba, kuma ba ya kiran sunan kowa da ke cikin ruwa. Matalo yakan ce, "Suna ƙugiya ne. Ka jefa shi, sai ya kamo wuyan mai ja."

Ni 'yar tudu ce. A garinmu ruwa a ƙasan rijiya yake, sai ka leƙa ka ga ɗan haskensa kamar kwabo. Ranar da aka kawo ni gidan miji na fara ganin gulbi, na kama zanen gwaggona ta gaske na ƙi sauka daga jaki. Har yau ban iya iyo ba. Lokacin Matalo ya tsufa, yanar ido ta rufe masa gani. Ni nake kai masa fura gindin tsamiya inda yake yini kusa da jirginsa. Sai ya ce, "Amarya, me kike gani can?" In ce, "Wani abu baƙi, Baba." Ya ce, "Tsuntsu ya sauka a kansa?" In ce ya sauka. "Ya tashi da sauri ko ya zauna?" Da haka ya koya mini raba dorina da kututture, da ruwa mai santsi kamar mai wanda ke da zurfi, da mai tamoji kamar fatar tsohuwa wanda yashi ke ƙarƙashinsa. Ran nan aka buga ƙarfen kiran ceto, wani guntun jikin tsohon baton ne da ke rataye a tsamiyar, sai kawai ya kama hannuna ya ce in zo in zama idonsa. Uwar mijina ta biyo mu tana faɗa: "Matar aure, 'yar tudu, ko wanka a gaɓa sai an riƙe ta!" Ya ce mata, "Wanda ya iya ruwa raina shi yake yi. Wannan tsoronsa take ji, ba za ta ɗauke ido ba." Da Allah ya yi masa rasuwa, kira na farko da aka buga, maigidana ya ɗauki sandar ya miƙa mini a gaban maza. Ba wanda ya yi musu.

Shi ke zama a kujerar da ta fi kusa da ni, sauran masu ja suna bin motsin bayansa. Gwiwarsa na taɓa tawa. A gida ba na iya haɗa ido da shi a gaban mutane, amma a cikin Gwaggo dole ne ya kalle ni, dole in bar shi ya kalla. Ya san fuskata fiye da yadda na san ta. In na ɗan cije leɓe ya san dutse na kusa, in na buɗe ido ya san mun kusa isa. Wani lokaci muna dawowa lafiya, mutane kwance a ƙasan jirgi suna amayar da ruwa, sai ya ce a hankali yadda ni kaɗai zan ji, "'Yar tudu, yau kin tsorata." In ce, "Ja abinka, Malam."

Hidimar Gwaggo ta gari ce duka. Da rani, in katako ya fara buɗe baki, kowace mace da ta je ɗiban ruwa sai ta zuba mata tulu ɗaya kafin ta kai gida. Tsofaffin zannuwa ba a yar da su, a yayyaga a tsoma a kwalta a cusa a tsagogi. Man kaɗe na shafa wa ƙarafan filafili ni nake ajiyewa, a wani ɗan kasko da ba a taɓa shi ko miya ta rasa mai. In an shafa, ƙarar jan takan yi laushi, ƙiiƙ, sai ruwa ya amsa, ƙiiƙ, sai ruwa ya amsa. Da wannan ƙara na yi goyon 'ya'yana. A nan kuwa, in wani ya shiga wahala, waya ake dannawa, sai ka ji jiniya tun daga nesa, motoci duk su raɓe gefe. Ina son wannan raɓewar, tana tuna mini yadda kasuwa ke darewa in an buga ƙarfen tsamiya. Sai dai a nan ba ka san wanda ya zo ɗaukarka ba, shi ma bai san uwarka ba, kuma ba ka taɓa zuba wa motarsa tulun ruwa ba. Ban ce nasu ya fi namu muni ba. Sun fi mu sauri nesa ba kusa ba.

Sai in faɗi wani abu saboda jikokina, don su ba su san shi ba. A wajenmu mace ba ta kiran sunan ɗanta na fari. Ba ta wasa da shi a gaban mutane, ba ta yabonsa, in ya faɗi wata ce ke ɗaga shi. Uban ma haka. Ba ƙi ba ne, kunya ce, haka muka tarar. Ni "kai wannan" nake ce masa har yau. A asibitin garin nan wata nas ta taɓa tambayata sunan babban ɗana, na ɗaga kai ina kallon rufi. Ta sake tambaya, na kalli Auta. Baiwar Allah ta ɗauka ƙwaƙwalwata ce ta fara taɓuwa, har ta fara nuna mini yatsu in ƙirga. Auta ta sha wahala kafin ta fahimtar da ita.

Ranar da nake magana ranar kasuwar tsallake ce, damina ta kankama. Uban ya aiki yaron gona can tudu tun da safe. Lokacin ya fara zama saurayi, murya ta fara buɗewa. Bayan la'asar gabas ta yi baƙi, iska ta taso tana kwashe shanya, sai muka ji ƙarfe. Kafin mu tura Gwaggo ruwan sama ya sauko. Babban kwale-kwalen da ke dawo da 'yan kasuwa ya kife a tsakiya, ya yi ciki sama. Ina hango ƙore da tabarmi da buhuna suna yawo, da kawunan mutane. Wasu maza sun kama jikin kwale-kwalen, waɗannan za su iya jira. Can hagu mata ne, zannuwa sun naɗe musu ƙafafu, suna ɓulla suna nutsewa, ɗaya da goyo a baya. Can dama kuma, nesa da kowa, ruwa na jan wani shi kaɗai zuwa wurin da muke ce wa Tukunya, inda gulbi ke juyawa a gindin duwatsu kamar ana dama fura. Ya rungume wani babban gora. Ruwan sama na dukan idona, amma na ga jar hular da ke kansa. Ni na saƙa ta, na ba ƙanwar ubansa ta ba shi a matsayin ita ta yi.

Sunansa ya taso mini har maƙogwaro, sunan da ban taɓa furtawa ba. Na haɗiye shi. Maigidana yana kallona, ruwa na zuba daga gemunsa. Na san in leɓena ya motsa zai gani, in ya gani zai waiwaya, in ya waiwaya filafilai za su sarƙe a tsakiyar wannan iska, a rasa matan, a rasa yaron, a rasa mu. Na saki fuskata yadda nake sakinta in yaron ya shigo tsakar gida gaban baƙi. Na tura sanda, Gwaggo ta karkata hagu.

Ya ce, "Lafiya?"

Na ce, "Ja."

Muka isa wurin matan. Suka kama igiyar gefe, muka riƙa jawo su ɗaya bayan ɗaya kamar buhunan gero. Mai goyon sai da na saki sanda na kama ta ta gashi. Jaririyar ba ta motsi, wata tsohuwa ta kife ta a cinya ta bubbuga, sai ga kuka. Duk wannan lokaci ina satar kallon dama da wutsiyar ido. Jar hular tana ƙanƙancewa. Gwaggo ta yi nauyi, ruwa ya kai mana idon sawu.

Maigidana ya ce, "Akwai saura?"

Na ce, "Akwai ɗaya. Wajen Tukunya."

Bai tambayi ko wane ne ba, dokar ta hana. Ya dai dube ni, kallon da ya ɗan fi na kullum daɗewa. Sannan ya ce wa na bayansa, "Ku bi ni," ya kwanta a kan filafili. Na ga mutumin nan yana ja shekara da shekaru, ban taɓa ganin ja irin na ranar ba. Jijiyoyin wuyansa suka tashi kamar igiya. Tafin hannunsa ya fashe, jini na bin itacen ruwan sama na wankewa. Wanda ke bayansa ya ce, "Malam, za ka karya mu." Bai waiwaya ba, ko sau ɗaya. Idonsa na kan fuskata, ni kuma nawa na kan hular. Na fara jin rurin Tukunya. Na ratsa da mu ta ƙasan yaron don ruwa ya kawo shi jikinmu, kamar yadda Matalo ya koya mini. Goran ya bugi katako. Wata mai sayar da daddawa, wadda ita ma yanzu aka tsamo ta, ta cafki wandonsa ta jefo shi ciki tana cewa, "Shigo, ɗan banza, ka tsaya kallon me?"

Ya faɗi a tsakanina da ubansa yana tari. Uban ya dube shi. Na zuba ido in ga ko zai firgita, ko zai yi hamdala, ko wani abu da zai nuna mini. Sai ya sa ƙafa ya turo masa ƙwaryar kwasar ruwa, ya ce, "Kwashe." Yaron ya kama kwasa. Muka koma muka ɗebo mazan da ke jikin kwale-kwalen. Mutum ɗaya muka rasa a ranar, wani dattijo mai sayar da igiya, Allah ya jiƙansa, sai bayan kwana biyu gulbi ya mayar da shi. Da muka isa gida ina shafa wa hannun maigidana man kaɗe, yaron na raɓe a bakin zaure, abin da kawai uban ya ce masa shi ne, "Gonar tamu ta ƙaura tsallake ne?" Ashe batirin rediyo ya je saye.

Gari ya yi ta magana. Wasu mata suka ce ba a taɓa ganin kunya irin tawa ba, na wuce ɗan fari a cikin ruwa. Wasu suka ce zuciyar 'yan tudu dutse ce. Duk ba su gane ba. Dokar Gwaggo na bi: yana da gora, su ba su da komai. Kunyar dai ta taimake ni da abu ɗaya, ta riga ta koya wa fuskata yin shiru.

Daga baya zamani ya juya. Jirage masu inji suka zo, suna isa tsakiya kafin mu gama tura Gwaggo. Samari suka daina koyon ja, suka ce wa zai ba wa gabansa baya alhali ga asansi, man da ke tura inji. Mata suka daina zuba tulu. Ta koma gindin tsamiya, awaki suka dawo gidansu. 'Ya'yanmu suka watse neman abinci, har babban ya iso nan, ya kama tuƙin babbar mota, ya yi gida a East Greensboro, ya jawo ƙanwarsa. Da ƙirjin maigidana ya matsa, suka ɗauko mu. Ya sha wuyar zaman garin nan. Yakan zauna a baranda ya ce gari duk itatuwa, ba inda ido zai miƙe. Wata Lahadi babban ya kai mu wani tabki a bayan gari. Muna zaune a kan benci sai ga wani tsohon Bature a ɗan jirgi, ya juya baya yana ja, matarsa a wutsiya da laima tana nuna masa hanya da yatsa, bakinta bai huta ba. Maigidana ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Ya ce, "Ashe ba mu kaɗai ne mahaukata ba." Ya ƙara kallonsu ya ce, "Amma tasa ta cika surutu. Tawa da gira take tuƙi." A ranar na yi niyyar tambayarsa. Na ga yana cikin farin ciki, na ce bari sai gobe.

Bayan na fita takaba, babban ya je gida ya dawo. Ya zo nan da kaset ɗin bidiyo, ya ce, "Inna, zauna ki ga wata tsohuwa." Ashe a daminar da ta wuce gulbi ya yi ambaliya ya shiga unguwannin gaɓa, kainuwa ta rufe ruwa, tana naɗe farfelar injuna suna mutuwa. Sai wani cikin tsofaffin masu ja ya tuna da Gwaggo. Suka kori awaki, suka cusa tsummoki, suka tura ta. Gwangwanayen Matalo ba su huje ba. Ita ta yi ta kwaso mutane daga kan rufin ɗakuna. Na gan ta a talabijin ɗin Auta, an yi mata sabon farin fenti, samari sun juya baya suna ja, ba su iya sosai ba amma suna ja. A wutsiya wata mace ce zaune, ta ɗaure kallabi tamau. Wai ita ce jaririyar nan da na kama uwarta ta gashi. Ban rantse ba, mutanenmu suna son labari ya haɗe baki. Ko wace ce, ta iya zama, ba ta ɗauke ido. Na ce a ƙara murya. Sai na ji ƙiiƙ, ruwa ya amsa. Na ce a gaya musu ƙarafan na son mai.

Muna cikin kallo babban ya ce, ba tare da ya dube ni ba, "Inna, ranar nan na ga kin gan ni."

Na kafa ido a kan talabijin.

Ya ce, "Na ga kin juya wajen matan. Shi ya sa na ɗaga goran sama, don ki ga ina da abin riƙo. Na so in yi ihu, sai na tuna in Baba ya ji muryata zai waiwaya. Sai na cije hular."

Na ce, "Kai wannan, ba ka ji haushina ba?"

Ya ce, "Haushin me? Tsoron dukan Baba ne ya fi damuna, har na fi son Tukunya." Muka yi dariya, ni da hawaye. Sai na tambaye shi abin da ban tambayi uban ba, ko ya taɓa gaya masa cewa ya sani. Ya girgiza kai. Ya ce shi ma ya so ya tambaya, kunya ta hana shi. Ka ji mu, gida guda, kowa ya riƙe bakinsa don ya tsare ɗan'uwansa. Yanzu ya ce in Allah ya kai mu hutun yara zai kai su gida, ya zaunar da su a Gwaggo su koyi ja. Babbar jikata ta ce ita wutsiya take so. Da Hausa ta faɗa, a karkace, amma da Hausa.

Tambayata dai tana nan. Wani lokaci in ce ya sani, in ba haka ba me ya fasa masa hannu? Wani lokaci in ce haka zai ja ko ɗan wa ne, don shi mutumin haka ne. Duk wadda ta zama gaskiya a cikin biyun, ba ta rage shi a idona.

Ranar da maigidana zai bar duniya, da hantsi ne, a ɗakin nan na kusa da kicin. Rana ta shigo ta taga ta kwanta a kan bargonsa. Ina zaune a gefen kansa ina shafa masa man kaɗe a tafin hannu, inda tabon yake. Numfashinsa ya yi nisa, yana ja yana hutawa. Ya riga ya yi kalmar shahada tare da babban, sai ya motsa yatsa ya nuna ƙarshen gadon, wajen ƙafafunsa. Ban gane ba, na ɗauka bargo yake so a ja masa. Ya sake nunawa. Na tashi na koma can na zauna, muka fuskanci juna, gwiwata na taɓa ƙafarsa. Ya dube ni sosai, na bar shi ya kalla. Ya ce:

"Yawwa, 'yar tudu. Zauna nan inda zan riƙa ganinki. Ba sai na waiwaya ba."